Man sintetik na jika 28 ko namu na jika 11? Amsa ga mai Corolla da Baba da Yaya sunka sa tsakiya

Ga saƙon da wani ɗan'uwa ya turo daga unguwar Zariya, na ɗan taƙaita shi:

"Assalamu alaikum Malam. Ni da yayana munka haɗa kuɗɗi munka sayi Corolla ta 2006 'yar Kwatano, ni ke tuƙa ta, ina kai kaya kasuwannin Tasawa da Gidan Rumji da Dakoro, wani lokaci har Damagaram. Agogonta ya nuna kilomita 210,000. Makanikinmu abokin marigayi babanmu ne, Baba muke ce mishi, kullum 20W-50 yake zuba muna, galan mai lita 5 jika 11. To wani mai shagon mai ya ce in koma sintetik 5W-30, jika 28, wai sai na yi kilomita 15,000 ban yi juye ba. Baba ya ce in na kuskura na zuba tsinkakken man nan cikin zahin Maradi injin zai mutu kuma ba ruwanshi. Yaya ya ce almubazzaranci ne, tunda ba aljihuna kaɗai kuɗɗin ke hitowa ba. Har mun yi sa-in-sa, yanzu gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Dan Allah mi ya kamata in yi?"

Wa'alaikumus salam ƙanena. Zancen kilomita 15,000 ɗin nan ka hidda shi daga ranka tun yanzu, kahin ma mu shiga komi. Akwai motocin da ke yin haka da gaske, a Faransa ko Jamus, kan kwalta mai santsi, esansi mai tsabta, iska ba ƙura, injin sabo. Motar da ke bin hanyar Dakoro cikin hazo da kaya har saman kujera ba ta cikinsu, ko da man zinariya ka zuba mata.

Yanzu ɗauko biro mu yi lissahi, don rigimarka da Yaya ta kuɗɗi ce kuma na lura ba wanda ya zauna ya raba kuɗɗin da kilomita. Da farashin da ka ba ni zan yi aiki. Man jika 11, ka ɗora filtir a ce jika 3, ya zama jika 14, ka juye shi a kilomita 4,000, kowane kilomita ya ci maka sefa 3 da rabi ke nan. Sintetik jika 28 da filtir jika 3 ya zama 31, in ka kai shi kilomita 7,000, wanda shi ne iyakar da zan yarda maka a ƙasarmu, kowane kilomita ya tashi wajen sefa 4 da rabi. Bambancin sefa 1 ne a kilomita, ko dala bai kai ba. Ita kuwa motar a kilomita 100 tana shan esansi wajen lita 8, lita kusan sefa 500, wato kowane kilomita kuna ƙona wajen sefa 40 a esansi ba wanda ya taɓa ɗaga murya a kai. In kana yin kilomita 20,000 a shekara bambancin duka bai kai jika 20 ba, a shekara fa. To wlh wanga bai kai a ce ɗan uwa da ɗan uwa sun koma gaisuwar maƙwabta ba. Abin da ke tsorata Yaya shi ne ganin jika 28 ta hita a tashi ɗaya, kuma ban ga laihinshi ba, mutumin da ba shi ke riƙe da sitiyari ba abin da ke hita aljihu kawai yake gani.

Amma lissahin nan yana yanka ta gehe biyu. Ya nuna sintetik ba ɓarna ba ce kamar yadda Yaya ke cewa, ya kuma nuna ba wata riba za ka ci da shi ba kamar yadda mai shago ya nuna maka. Shi da 15,000 ya yi maka lissahi shi ya sa ya hito kamar araha.

To shi sintetik ɗin mi ya hi na gama-gari da shi? Ya hi shi, kada wani ya ce maka talla ce kawai. Man mineral ɗanyen mai ne anka tace, ƙwayoyin da ke cikinshi ba girmansu ɗaya ba, wasu ƙanana wasu manya, ga sauran abubuwan da tacewa ba ta hidda duka ba. In zahi ya yi yawa ƙananan su ƙahe su bi iska, sauran su haɗu da iskar da ke cikin injin su fara yin kauri suna zama dauɗa. Ka dubi man gyaɗa a kaskon mai ƙosai, na sahe garau yake, in an yini ana suya da shi ba a sake ba zuwa marece ya yi duhu ya yi danƙo har ya kama gehen kasko, to abin da zahi ke yi wa baƙin mai ke nan cikin injin. Sintetik an gina ƙwayoyinshi ne su zo kusan bai ɗaya, shi ya sa ya hi jure zahi, bai saurin ƙahewa, bai saurin yin danƙon nan, kuma da sanyin sahe ya hi saurin hawa saman injin. Masu ilimin mai suna da wani ƙiyasi da suke aiki da shi, wai kowane ƙarin digiri 10 na zahi yana ninka saurin lalacewar mai kusan sau biyu, to ka auna motarka a watan Afrilu ko Mayu, waje ya haura digiri 40, kaya maƙil, kana taka ta zuwa Damagaram sama da kilomita 200 ba tsayawa. A irin wagga tahiya sintetik yana da abin da yake yi na gaske.

Sai dai ka san cewa ba duk galan da anka rubuta wa sintetik ne iri ɗaya ba. Cibiyar man Amurka, API, ta kasa tushen man inji gida 5. Na 1 da na 2 su ne mineral. Na 3 shi ma daga ɗanyen mai yake amma an tace shi tacewa mai tsanani da haidurojin har ya canza kama. Na 4 shi ne wanda ake haɗawa a masana'anta tun daga tushe, PAO, irin wanda Mobil 1 ya hito da shi kasuwa a 1974. A 1999 Mobil ta kai ƙorahin Castrol gaban wani kwamitin sa ido kan talla a Amurka don tana kiran man gida na 3 sintetik, kwamitin ya bai wa Castrol gaskiya, tun daga nan mahi yawan abin da ake sayarwa da sunan sintetik ɗan gida na 3 ne. Kuma mai kyau ne, ban ce jabu ba ne. Na kawo maka wanga ne don kada ruwan zinariyar da ke jikin galan ya ruɗe ka ka biya ninki, abin da za ka karanta a bayan galan yake, ƙananan haruffa: API SL ko SM ko SN ko SP. Motarka ta 2006 SL ma ya ishe ta, duk wanda ya zo bayanshi ya hi shi. In ka ga SF ko SG, ko ba a rubuta komi ba, aje shi ka yi gaba.

Mu zo kan Baba, don nan ne maganar ta hi nauyi. Baba ya haɗa abu biyu wuri ɗaya, kuma mutane da yawa haka suke yi: sintetik daban, kauri daban. Lambobin nan biyu da ke jikin galan, ta farko mai W tana faɗin yadda man ke gudu lokacin da injin ke sanyi, ta biyu tana faɗin kaurinshi in ya kai digiri 100. Ke nan 5W-40 da 15W-40 in injin ya ɗau zahi kaurinsu ajin ɗaya ne, bambancinsu da sahe ne kawai, mai 5 ɗin ya riga isa sama. Baba yana zuba shi a yatsa yana murzawa a inuwar garaji ya ji shi tsinkakke ya ce ba shi da ƙarhi, alhali injin ba a zahin inuwar garaji yake aiki ba, a digiri 90 zuwa 100 da wani abu yake, kuma a can 20W-50 ɗin ma tsinkewa yake yi sosai. Akwai sintetik mai kauri, akwai mineral marar kauri.

Kuma kada ka raina Baba, abin da ya sani a inda ya koye shi gaskiya ne. Mutanen da sunka buɗe ido da Peugeot 504 da 505 da tsohuwar Hilux mai karbirato, injunan nan ratar da ke tsakanin ƙarahunansu tana da faɗi, mai kauri suke so, 20W-50 shi ne abincinsu. Ko littahin Toyota na motocin da anka yi wa ƙasashen zahi a zamanin motarka yana kawo jadawalin da ya haɗa har da 15W-40 da 20W-50, duk da 5W-30 suke sawa gaba. To ba wai guba yake zuba maka ba. Amma injin ɗinka VVT-i ne, ka duba murhin saman za ka gani a rubuce, kuma wanga tsari da matsin baƙin mai yake juya lokacin buɗewar bawul, man yana bi ta wata 'yar raga ƙarama da wasu ramuka matsattsu, abin da ke ɗame sarƙar injin shi ma da matsin mai yake aiki. Mai mai kauri sosai da sahen hunturu, lokacin da garin nan ke sauka digiri 15 ko ƙasa, yana ɗaukar lokaci kahin ya isa can. In ka taɓa jin wani karrr na daƙiƙa biyu ko uku in ka tada ta da asuba sannan ya yi shiru, ƙarhe ne ke gugar ƙarhe yana jiran mai.

Zancen wai sintetik yana sa yoyo ko yana cin roba, man yanzu bai cin roba. Abin da ke faruwa, tsohon injin da robobinshi sunka bushe sunka tsage, dauɗa ce ta liƙe tsagar, sai ka zuba mai mai wanki sosai ya wanke dauɗar sai ɗigo ya bayyana a ƙasa, a ce man ne ya ɓata. Tsagar tana nan tun da. Amma dai ko mi za a kira shi ɗigon a aljihunka zai ƙare, shi ya sa ban ce ka tashi daga 20W-50 ka faɗa 5W-30 rana ɗaya ba tare da ka san halin injin ɗinka ba. Balle 'yar Kwatano, 210,000 ɗin da agogo ke nunawa kai ma ka san ana iya yi mishi aski kahin mota ta iso hannunka.

Ga abin da za ka yi, ba ya cin ko dala. Gobe da sahe kahin ka tada ta, a wuri mai daidai ba gangare ba, buɗe murhin da ake zuba mai ka juya shi ka duba cikinshi, ka haska tocilan wayarka cikin ramin. In ka ga ƙarhe launin ruwan shayi ko ruwan zuma, injin yana da tsabta. In ka ga baƙin abu ya daskare kamar kwalta har kana iya kankaro shi da farce, an daɗe ana wasa da juye. In kuwa ka ga wani abu fari-fari mai kumfa a murhin, wanga wata magana ce daban, ruwa ne ke shiga mai, ka kai wa Baba ranar nan. Sannan zaro sandar awo, share ta da tsumma, mayar har ƙarshe, sake zarowa, cika man ya zo daidai alamar sama, rubuta lambar agogo. Yi harkokinka har kilomita 1,000 ka sake aunawa a wuri ɗaya da sahe. Tsakanin alamar sama da ta ƙasa wajen lita 1 ne zuwa 1 da rabi. Ka sa wani yaro ya tsaya bayan mota ka taka totur bayan ta ɗan jima tana aiki a tsaye, ya gaya maka in hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ya hito.

Dalilin da na matsa kan wanga, injunan Corolla na farkon shekarun 2000, dangin ZZ, an san wasunsu da shan mai, wasu ƙananan ramuka ne a jikin fistan da mai ke komawa ƙasa ta ciki suke toshewa da dauɗa, ringi ya maƙale, man ya riƙa ƙonewa tare da esansi. In taka ta sha rabin lita ko hiye a kilomita 1,000 to kada ka soma zuba mata man jika 28, ta salansa zai bi, kuma ba wani mai a duniya da ke mayar da ringin da ya cinye. Ka tsaya kan 15W-40 mai kyau, ko ma 20W-50 ɗin Baba in shan ya yi yawa, ka riƙa duba sanda kowace sahiyar kasuwa, ku fara tara kuɗɗin aikin injin. Kuma in ka ga kwaltar nan da na faɗa, kada ka yarda a zuba maka maganin wanke injin mai ƙarhi, dauɗar za ta ɓalle gunduwa-gunduwa ta je ta toshe ragar famfon mai a ƙasa, fitilar mai ta kama kana tsakiyar daji. A hankali ake wanke irin wanga, da juye kusa-kusa.

In kuwa ta hito lahiya, ba ta shan mai ba ta hayaƙi, ni da tawa ce 10W-40 semi-sintetik zan zuba mata, wato gaurayen biyun, farashinshi yana tsakanin jika 11 ɗin da 28. Juyen farko in yi shi da wuri, kilomita 3,000, don zai kwaso tsohuwar dauɗa, daga nan in riƙe 5,000 ko wata 6, duk wanda ya riga zuwa, da sabon filtir kowane karo ba wai a juye mai a bar tsohon filtir da datti cikinshi ba. In bayan juye biyu ba ɗigo ba ƙarin shan mai kuma ka ga dogayen tahiye-tahiyenka sun yawaita, kana iya hawa sintetik 5W-40 ko 5W-30 ɗin ka kai shi 7,000. In wata rana aljihu ya yi sanyi ka dawo semi ko mineral, ba abin da zai faru, zancen wai in ka fara sintetik ba ka komawa ba shi da tushe, kuma in mai ya ragu maka a hanya ka ƙara da wanda ka samu mai kyau ya hi ka tahi da sanda a bushe. Injin ɗinka wajen lita 4 yake ci, ragowar galan ɗin ka riƙa yawo da ita a but.

Abin da ya hana in ba ka hiye da 7,000 ko da man ya kai mi, ƙura ce. Daga Disamba zuwa Fabrairu ka san yadda garin nan ke zama, ka wanke mota da sahe azahar ka rubuta sunanka a gilashi. Ƙurar nan yashi ne mai laushi, kuma yashi ya hi ƙarhen injin tauri. Duk wanda ya tsallake filtir na iska yana shiga silinda, wani ya gangara cikin mai ya riƙa zagayawa yana goge ƙarhe, sintetik bai narkar da yashi, hanya ɗaya ce ta hidda shi, juye. Ga esansin kwalba na bakin hanya da ba ka san abin da anka gauraya ba, wanda bai ƙone da kyau ba yana zurara cikin mai ya tsinka shi. Ga tsayuwa da injin a kunne a tasha ana lodi. Magungunan da ke cikin mai masu riƙe datti da kashe tsami ƙarewa suke, a mai tsada da mai araha duka. Su kansu kamfanonin mota jadawalin juye biyu suke bayarwa a littahi, na tuƙin yau da kullum da na yanayi mai tsanani, wato ƙura da kaya masu nauyi da gajerun tahiye-tahiye da yawan tsayuwa, kuma kai aƙalla uku daga ciki ka haɗa.

Shi ya sa in Yaya ya ce jika 5 kawai zai ƙara a kan abin da kuke kashewa, ni filtir na iska zan ce ku saya da ita ba mai ba. Ka buɗe akwatinshi ka duba, na tabbata ka san al'adar nan ta kai wa mai faci ya hura mishi iska mai ƙarhi a mayar, iskar nan tana yaga takardar yaga ƙanana da ido bai gani, ya hito fes kamar sabo alhali ya zama rariya. Bubbuga shi a hankali ya zubar da ƙura ba laihi, amma in ya yi duhu a sake shi. Ka bi bututun robar da ya tashi daga akwatin zuwa injin da hannu, in akwai tsaga ko maɗaurin ya saki to ƙura ba ta ma bi ta filtir ɗin. Ka kuma tambayi Baba da dabara ko an cire wa motar tamostat, wato abin da ke daidaita zahin ruwan injin, makanikanmu da yawa suna cire shi wai don zahi, injin ya ƙi kai zahin da anka tsara mishi da wuri, ya riƙa shan esansi, man ma ya riƙa saurin gurɓata.

Sai babbar matsalar da ta hi duk wanda na lissafa, jabu. Gara mineral na gaske na jika 11 sau goma da sintetik na ƙarya na jika 28, kuma mai tsadar ne anka hi yi wa jabu don nan ribar take. Ka taɓa tambayar kanka yaran da ke bi garaji-garaji suna sayen galan ɗin da anka juye, mai kyan jiki mai murhi, ina suke kai su? Wasu ruwa ake ɗiba da su, wasu kuwa cika su ake da man da ba a san asalinshi ba, har da tsohon mai da anka tace ya washe, a liƙe a mayar kasuwa. Ido bai rabewa, yatsa bai rabewa. Ka saya a gidan mai ko wurin dillalin da ke da shago tsayayye wanda gobe za ka same shi, ka duba zoben murhi bai karye ba kuma ba alamar gam, in akwai takardar azurfa a bakin galan ta kasance a manne, rubutun jiki ba ya gogewa da yatsa, kuma in farashi ya faɗi ƙasa da na kowa sosai ka gudu. Ka tsaya a buɗe shi gabanka a zuba gabanka, ba rashin yarda da Baba ba ne, yaran garaji ne ke juye ba shi ba. In galan ya ƙare ka huda shi da wuƙa kahin ka yar. Man da ake aunawa da kwalba daga duro a bakin titi kuwa, ko kyauta anka ba ka kada ya shiga motar da kunka haɗa guminku kunka saya.

Kuma don kada wani mai karatu ya ɗauki amsarka ya ɗora wa tashi motar: wanda ke da mota mai turbo, ko sabbin nan da anka rubuta 0W-20 a murhin mai, ko mai haɗa batir da esansi, ko ta gazuwal 'yar Turai mai matatar hayaƙi, shi ba shi da zaɓi, abin da littahi ya ce shi zai zuba ko nawa ne, turbo yana gasa mai gasawar da mineral bai daɗewa a ciki. Masu babur kuma kada su ga man mota mai tsada su ce bari su gwada, kulocin babur cikin mai yake wanka, su nemi mai alamar JASO MA.

Yanzu yadda za ka yi da mutanenka. Baba kada ka je mishi da "na karanta a intanet", ka kashe maganar tun ba ta fara ba, mutumin da ya riƙe motar mahaihinka ba za ka koya mishi aiki gaban yaranshi ba. Ka same shi shi kaɗai bayan la'asar, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce Baba ina jin wata 'yar ƙara da sahe in na tada ta, kuma na auna ba ta shan mai, ko kana ganin mu gwada 10W-40 karo ɗaya mu gani, in ba ta karɓa ba mu koma namu. Ka bar mishi hukuncin a bakinshi. Arba'in ɗin 10W-40 ba ta yi nisa da hamsin ɗin 20W-50 ba, zai hi sauƙin haɗiye ta a kan talatin ɗin 5W-30, kuma in ya ga galan ɗin ya murza ya ji da ɗan jiki-jiki hankalinshi zai kwanta. In ya ƙi ƙememe, kada ka ja, juye ba aikin da sai shi ba ne, ka yi a gidan mai ka ci gaba da kai mishi sauran gyara, amma ka faɗa mishi da bakinka kada ya ji a wurin yara.

Yaya kuwa kai ne ƙarami, kai za ka taka ka same shi gida, ba a waya ba. Kada ka buɗe da zancen mai, ka ba shi haƙuri kan ɗaga muryar da anka yi, sannan ka nuna mishi lissahin nan a takarda da hannunka, sefa 1 a kilomita, ka ce kuma ma ba na jika 28 ɗin za mu fara ba. Ina zargin ba man ne kaɗai ke cin shi ba, mutum ya zuba kuɗɗi a mota kullum sai dai a ce mishi kawo kaza an kashe kaza, bai ga rubutu ba, dole wata rana ya tsaya a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ka sayi ƙaramin littahi na dala 20 ka aje a aljihun mota, duk juye ka rubuta kwanan wata da lambar agogo da irin man da kuɗɗinshi, duk gyara haka, ƙarshen wata ka miƙa mishi ya duba. Kuma ku yanke wani abu da za a riƙa cirewa daga kowace tahiyar kasuwa a aje gehe na mota, ko jika 1 ce, ranar juye daga nan za a ɗauka ba sai an shiga aljihun kowa ba.

In ka gama awon kilomita 1,000 ɗin ka turo min abin da sanda ta nuna da hoton cikin murhin, sai in gaya maka ko 10W-40 ɗin ko ku tsaya inda kuke.